ZAMAN TARE: Lamiri da tuba a wurin Kirista

Duk mai zama a ƙasar Dogarawa ya san asibitin Galmi. Ƴan mishan na SIM suka buɗe shi a shekara ta 1950. Daga Ƙonni, Malbaza da Illela, har daga Nijeriya, mutane na zuwa can neman magani. Da yawa sun ji Kirista na addu'a da Hausa, suna faɗin zunubi, lamiri da tuba. Littafinsu ya fito cikakke da Hausa tun 1932. Kalmomin ba baƙi ba ne a kunnen Musulmi. To amma me Kirista ke nufi da su?

Ga misali. Makiyayi ya yi barci da dare, shanunsa suka faɗa gonar gero. Ba wanda ya gani. Da safe mai gona ya kai ƙara wurin mai gari. Aka ɗora laifin a kan wani makiyayi da ya sauka kusa, aka ci shi tara. Mai laifin gaske bai ji kunya ba, don kunya sai da idon mutane. Amma ya kasa barci, fura ma ba ta yi masa daɗi. Wannan abin da ke cizon sa a zuci, shi ne lamiri. Haka yake ga manomin da ya ci burtali, da mai albasar da ya ɓoye ruɓaɓɓu a gindin buhu.

Kirista sun ce Allah ya sa lamiri a zuciyar kowane mutum, ya zama shaida. Sun ce kuma yana iya mutuwa. Hannun da ya daɗe yana riƙon hauya yakan yi kanta, ƙaya ta soke shi bai ji ba. Haka zuciyar da ta saba da laifi.

Jin zafin laifi kaɗai bai isa ba a wurinsu. Suna kawo labarin almajirai biyu na Yesu. Yahuza ya bashe shi a kan azurfa 30. Daga baya abin ya dame shi, ya mayar da kuɗin, ya je ya rataye kansa. Bitrus kuwa ya yi musun sanin sa har sau 3. Shi ma ya yi kuka mai zafi, amma bai gudu ba, ya koma, aka karɓe shi. Dukansu sun yi nadama. Ɗaya ya fid da rai, ɗaya ya nemi gafara. Na biyun ne Kirista ke kira tuba.

Sun gaskata gafara kyauta ce daga Allah, saboda mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye. A nan ne suka bambanta da Musulmi, kowa da abin da ya riƙe. Ko tsakaninsu hanyar ba ɗaya ba ce. Ƴan Katolika na faɗin laifinsu gaban limaminsu, a asirce. Kiristan Galmi da na Tsibiri, waɗanda suka taso daga mishan ta SIM, suna faɗa wa Allah kai tsaye.

Sai dai kyautar ba ta share hakkin mutum. Akwai labarin Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Da ya tuba, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma ya biya shi ninki 4. Yesu ma ya koyar cewa wanda ya kawo baiko, ya tuna ɗan'uwansa na da magana a kansa, ya ajiye baikon, ya je su shirya tukuna.

Ke nan makiyayin can, in Kirista ne, addu'a a ɗaki ba ta sallame shi ba. Sai ya je gaban mai gari ya ce shanunsa ne. Sai ya mayar wa wancan bawan Allah kuɗin tararsa, ya wanke sunansa gaban jama'a. Wataƙila sai ya sayar da akuya biyu ko maraƙi. Kunyar da ya tsere mata da dare kuma, yanzu zai sha ta da rana, a ƙofar gidan mai gari.