Ƙwaya Ba Ta Raba Gado

Idan masunci ya rasu a bakin Tafkin Kalmalo, kusa da Illela, wani lokaci tun ba a share makoki ba dangi kan fara jayayya a kan taru da gonar fadama. Matar mamacin tana takaba, wata 4 da kwana 10, barci ya ƙaurace mata, sai a sayo mata diazepam a kyamis.

A matsayina na mai harhaɗa magunguna, ina ganin wannan cutarwa ce da sunan tausayi. Jiki yana sabawa da ƙwayar cikin 'yan makonni, barinta farat ɗaya kuma yana iya jawo jijjiga. Ku kira malami ya raba gadon, a ba ta haƙƙinta, ku riƙa zama da ita. In rashin barcin ya ci gaba, ku kai ta asibiti.