Waiwaye: Mutumin da Ya Yar da Laita

Ranar Laraba ce, 28 ga Yunin 2023, ranar Babbar Sallah. Da yamma muna ƙofar gida muna babbaka kai da ƙafafun rago, hayaƙi na sa mu hawaye, sai ƙanena ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, ka ga abin da ake yi a Turai yau?" Na goge hannuna a jikin tsumma na karɓa. Wani mutum ne tsaye a gaban babban masallacin Stockholm, babban birnin Suwidin, 'yan sanda sun yi masa katanga, yana wulaƙanta Alƙur'ani ta hanyoyin da ba sai na maimaita ba, daga ƙarshe ya cinna wa wasu shafuka wuta.

Bari in faɗi abin da na yi, don a nan darasin ya fara. Kafin in wanke hannu na riga na tura bidiyon zuwa zaure uku na WhatsApp: na dangi, na tsofaffin abokan makaranta, da na unguwa. A ƙarƙashinsa na rubuta "Allah ya isa." A zatona na yi wa addini hidima. Sai da aka kwana biyu na gane cewa ɗan aike na zama. Mutumin yana can ƙasar da ban taɓa takawa ba, yana neman wanda zai kai saƙonsa gidanmu, ni kuwa na kai masa kyauta, da datata.

Sunansa Salwan Momika, ɗan Iraƙi da ya je Suwidin neman mafaka. Ba shi ya fara ba. A ranar 21 ga Janairun 2023, Rasmus Paludan, wani ɗan siyasa mai ƙin baƙi da ke da takardun zama ɗan Denmak da Suwidin, ya yi irin wannan a kusa da ofishin jakadancin Turkiyya, daidai lokacin da Suwidin ke lallashin Turkiyya ta amince mata ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO. Bayan wannan, 'yan sandan Stockholm sun ƙi ba wasu masu irin wannan niyya izini, suka ce akwai barazanar tsaro. Kotu ta rushe matakinsu. A dokar ƙasar, izinin da 'yan sanda ke bayarwa na taro ne, kuma ba su da ikon hana taro don kawai abin da za a faɗa ko a yi a cikinsa zai ɓata wa wasu rai. Suwidin ta soke dokarta ta hana ɓatanci ga addini tun 1970, kuma tana alfahari da dokar 'yancin buga littattafai da jaridu da ta kafa a 1766, wadda take cikin mafi tsufa a duniya.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa wuta a kan kanta ba ita ce cin mutuncin ba. Muna yara, in ka tsinci ɓallen takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ba ka wuce ta. Ka ɗauka, ka karkaɗe, ka soke ta a tsagar bango ko ka kai wa malam. Malaminmu yana da wata tsohuwar gafaka da yake tara irin waɗannan: shafukan da gara ta ci, waɗanda ruwan damina ya jiƙa, waɗanda hannun yara ya yayyaga. In sun taru, sai ya sa a share wani lungu a bayan zaure, ya yi alwala, ya ƙone su da kansa, ya haƙa rami ya binne tokar inda ƙafa ba ta bi. Ba ma wasa a wurin a ranar. Kuma ba shi ya ƙago ba: Sayyidina Usman bn Affan, bayan an tattara Mus'hafi ɗaya an aika kwafinsa garuruwa, ya ba da umarni a ƙone sauran rubuce-rubucen don kada a samu saɓani.

Ashe ke nan wuta ɗaya ce, takarda ɗaya ce. Abin da ya raba malaminmu da Momika shi ne niyya, da wuri, da rana. Malam ya ɓuya a bayan zaure don kada kowa ya gani. Momika ya zaɓi ƙofar masallaci, ya zaɓi ranar Sallah, ya zo da amsa-kuwwa da kyamara. Wanda ke da matsala da abin da littafi ya ƙunsa, ɗakin karatu yake zuwa ko ya ɗauki alƙalami. Wanda ya je ƙofar masallaci ranar idi, da masu fitowa daga masallacin yake magana.

Tarihin Turai kansa ya shaidi haka. A 1242 an ƙone amalanke 24 na littafin Talmud na Yahudawa a Paris. A 1306 aka kori Yahudawa daga Faransa. Wajen shekarar 1500, bayan faɗuwar daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, babban limamin coci Cisneros ya sa aka tara dubban littattafan Larabci a dandalin Bib-Rambla na Granada aka banka musu wuta. Daga 1609 aka fara kwashe jikokin masu littattafan ana fitar da su daga ƙasar. A daren 10 ga Mayun 1933, ɗalibai magoya bayan Hitler sun ƙone littattafai kimanin 20,000 a tsakiyar Berlin. Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A duk waɗannan, ba wanda ya ƙone littafi don ya kayar da shi a muhawara. Sanarwa ce ga masu littafin cewa zamansu a nan ya kusa ƙarewa.

Amma adalci ne a saurari hujjar masu kare 'yancin, don ba duka ne maƙiya ba. Suna cewa: da zarar ka ba gwamnati ikon yanke abin da ya zama ɓatanci, to ka ba ta sanda, kuma sandar kan sauka ne a kan marar ƙarfi. Kakanninsu sun ɗanɗana. An ƙone mutane da ransu a Turai saboda sun fassara littafin addini ko sun saɓa wa coci. Suna cewa 'yancin da ya kare Paludan shi ne ya kare limamin da ke huɗuba a birnin Malmo na Suwidin yana sukar gwamnati, shi ne ya kare mai wa'azin da ke raba littattafan Musulunci a bakin tashar jirgin ƙasa. A Amurka, Kotun Ƙoli ta yanke a 1989, da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, cewa ko tutar ƙasar mutum ya ƙona don nuna adawa, ba a hukunta shi. Wannan hujja tana da nauyi, musamman gare mu da muka ga yadda zargin ɓatanci a bakin kasuwa kan zama hukuncin kisa kafin alƙali ya ji ko kalma ɗaya.

Inda hujjar ta yi rauni shi ne, babu ƙasar da ta bar baki sake-ba-ƙaidi. A Jamus, musanta kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa laifi ne da kan kai mutum kurkuku. A Denmak, tun kafin rikicin nan, wulaƙanta tutar wata ƙasa a bainar jama'a laifi ne. Kowace al'umma tana da abin da ta keɓe ta ce kada a taɓa. Tambayar ita ce ciwon wa ake ƙirgawa. Sannan iko daban, dacewa daban. Firaministan Suwidin, Ulf Kristersson, da kansa ya faɗi haka bayan abin da Paludan ya yi: ba duk abin da doka ta bari ne ya dace ba. Fafaroma Francis ma ya fito ya nuna ɓacin ransa. Doka ba ta hana ka buga ganga a ranar da maƙwabcinka ke zaman makoki ba, amma unguwa ta san sunan da za ta kira ka.

To, mu fa? A nan ne waiwayen ke da ɗaci. A ranar 20 ga Yulin 2023 magoya bayan malamin Shi'a na Iraƙi, Muƙtada al-Sadr, suka kutsa ofishin jakadancin Suwidin a Bagadaza suka cinna masa wuta. A watan Oktoba wani ɗan bindiga ya harbe 'yan Suwidin biyu a Brussels. Kallon ƙwallo suka je. Kafin nan, a Maris ɗin 2011, wani fasto a jihar Florida, Terry Jones, wanda mabiyansa ba su kai ɗari ba, ya ƙone Alƙur'ani. Ranar 1 ga Afrilu masu zanga-zanga suka afka wa ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Mazar-i-Sharif ta Afganistan, aka kashe ma'aikata bakwai, huɗu daga cikinsu masu gadi ne 'yan ƙasar Nepal. Shi faston yana gidansa yana amsa tambayoyin 'yan jarida.

Ba sai mun je nesa ba. A ranar 18 ga Fabrairun 2006, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin wata jaridar Denmak ta rikiɗe a Maiduguri. An kashe aƙalla mutum 15, an ƙone coci-coci. Kwanaki kaɗan bayan haka aka yi ramuwar gayya a Onitsha kan 'yan Arewa masu neman abinci, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A Janairun 2015, bayan zanen mujallar Charlie Hebdo ta Faransa, aka kashe mutum 10 a Damagaram da Yamai, aka ƙone gomman majami'u. Haushin kaza aka huce a kan dami. Kuma akwai abin da ba ma son faɗa: a cikin waɗancan majami'u akwai littattafan da masu su ke girmamawa, suna ɗora su a wuri mai tsabta kamar yadda muke yi. Sun ƙone, kuma da hannunmu. Alhali a cikin Suratul An'am an hana mu ko zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama a kan Ubangijinmu.

Mai ƙona littafi ashana kawai gare shi. Itacen, mu muke kai masa. Yana cewa ga mutanen da ba za a iya zama da su ba, sai mu fito mu ba shi shaida.

Shi ya sa nake son mu tuna da ranar Asabar, 15 ga Yulin 2023. Wani Musulmi ɗan asalin Siriya mazaunin Suwidin, Ahmad Alush, ya nemi izinin taro a gaban ofishin jakadancin Isra'ila a Stockholm, ya ce zai ƙone Attaura da Baibul. An ba shi, kamar yadda aka ba Momika. Shugabannin Isra'ila suka yi tir, 'yan jarida suka cika wurin da kyamarori. Ya iso, ya fito da laita, kowa ya zuba ido. Sai ya yar da ita ƙasa. Ya shaida musu cewa shi Musulmi ne, ba ya ƙona littafin kowa, kuma bai taɓa nufin yi ba. Ya zo ne ya nuna cewa 'yancin magana ma yana da iyaka. Da dokarsu ya yi amfani, a dandalinsu, gaban kyamarorinsu. Ya nuna yana da ikon, ya ƙi amfani da shi. Ba wanda ya yi ko ƙwarzane.

Abin da aka samu na a-zo-a-gani, ta irin wannan hanya aka same shi. A ranar 12 ga Yuli, Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙudurin da Pakistan ta gabatar a madadin ƙasashen Musulmi: 28 suka goyi baya, 12 suka ƙi, cikinsu har da Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus, bakwai suka yi rowar ƙuri'a. A ranar 7 ga Disamba majalisar Denmak, wadda ta soke dokar ɓatanci a 2017, ta kafa sabuwar doka da ƙuri'a 94 kan 77: wulaƙanta littafin addini a bainar jama'a na iya jawo ɗaurin shekara biyu. Suwidin ba ta canza dokarta ba, amma kotunanta sun koma ga dokar hana tunzura jama'a a kan wani jinsi ko mabiya wani addini. A Nuwamban 2024 wata kotu a Malmo ta yanke wa Paludan ɗaurin wata huɗu.

Shi ma Momika an gurfanar da shi. Ana gobe za a yanke hukunci, a daren 29 ga Janairun 2025, aka harbe shi a garin Sodertalje. Na ga waɗanda suka yi murna a zaurukan nan uku. Amma ranar 3 ga Fabrairu kotu ta samu abokin tafiyarsa, Salwan Najem, da laifi, ta ce abin da suka yi ya wuce sukar addini, ya kai ga cin zarafin Musulmi. Wato da an jira kwana ɗaya, mai yiwuwa da alƙalin ƙasar da ta ba shi mafaka ne zai gaya masa haka ido da ido. Ko wane ne ya riƙe bindigar, ya ƙwace wa Musulmin Suwidin wannan rana, ya ba masu ƙin su gawar da za su riƙa nunawa.

Kwanakin baya, a majalisarmu ta bayan Isha'i, na tambayi abokai wa ya tuna mutumin da ya ƙone Alƙur'ani ranar Sallah. Kusan kowa ya tuna, wasu har da sunansa da kalar rigarsa. Na ce, to, wa ya tuna wanda ya yar da laita? Aka yi shiru. Wani dattijo ya ce, "Malam, yaushe aka yi wannan?" Ban ga laifinsa ba. Na duba wayata a daren: bidiyon farko yana nan a zaure uku, da sunana a kansa. Na biyun ban taɓa tura wa kowa ba.