Al'adun Sasak a Ajin Ilimin Zamantakewa

Ƙabilar Sasak, wadda ita ce mafi rinjaye a tsibirin Lombok na ƙasar Indunusiya, kuma akasarin mutanenta Musulmi ne, tana da al'adun da suka isa a gina darasin ilimin zamantakewa a kansu, wato fannin da ke nazarin yadda jama'a ke tsara zamansu, da yadda suke fifita wasu a kan wasu, da yadda suke sasanta rikici. Manhajar Kurikulum Merdeka da gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar a 2022 ta bai wa malaman sakandare damar ɗauko misali daga muhallin ɗalibansu, don haka malamin Lombok ba shi da hujjar tsayawa kan littafi kawai.

Bikin Perang Topat da ake yi kowace shekara a Lingsar, inda Musulmin Sasak da mabiya Hindu 'yan asalin Bali ke jifan juna da dunƙulen shinkafa da aka dafa cikin ganyen kwakwa, ya wadatar wajen bayanin zaman lafiya tsakanin addinai. Sai dai al'adar aure da ake kira merariq ta fi shi zurfi nesa ba kusa ba. A nan saurayi ne ke ɗauke budurwa da dare ya ɓoye ta a gidan danginsa, sannan a aika wa iyayenta, daga bisani a yi zaman sorong serah aji krame, inda masu magana da yawun ɓangarorin biyu ke ƙirga kayan al'ada a gaban jama'a, ƙirgen kuwa yana hawa ko sauka gwargwadon asalin gida. Ɗalibin da ya ga yadda lissafin gidan masu laƙabin Lalu da Baiq, wato 'ya'yan sarauta, ya bambanta da na jajar karang, wato talakawa, ya riga ya fahimci rabe-raben matsayi tun kafin a rubuta masa ma'anarsa a allo.

Abin tsoro shi ne malami ya mayar da darasin kirari ga al'ada, ya tsaya kan kiɗan gendang beleq da kwalliyar rakiyar ango da amarya, ya rufe ido ga yadda wasu ke fakewa da merariq suna aurar da yara 'yan makaranta, alhali dokar ƙasar ta 2019 ta ƙayyade shekara 19 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure ga namiji da mace. 'Yan matan da abin ke shafa suna zaune a cikin ajin nan, kuma malamin da ya tsallake wannan batu ya tauye musu haƙƙinsu.