Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo

Tun shekarar 1963 Nijar ta kafa hukumar yaƙi da jahilci, manoman jahar Maraɗi kuwa suna cikin waɗanda suka fara cin moriyarta. A lokacin kasuwar gyaɗa, wanda ya iya karanta sikeli da lissafin kuɗinsa ya daina komawa gida da rabin guminsa. Amma akwai wasu da har yanzu ba a biya musu bukata ba.

A azuzuwan manya na Gabi, cikin gundumar Madarunfa, kamar a ko'ina, ana samun magidanci ko uwar iyali mai cikakken hankali, gwanin noma ko sana'a, wanda haruffa ke rikice masa. Yau ya gane b, gobe ya ɗauke ta d. Wani kuma lissafi ne ba ya zauna masa. Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma aikin iskoki ba ne. Yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa rubutu ne ya bambanta. Sai a yi masa dariya, kunya ta kama shi, ya bar aji bai ce uffan ba. Ranar da aka miƙo masa takardar bashi ko ta gona, haka zai dangwala yatsa bai san abin da ya amince da shi ba.

Saboda haka wajibi ne malamai su haɗa karatu da koyon buɗe baki. Ɗalibi ya iya faɗin abin da ke yi masa wuya ba tare da ya raina kansa ba. Ya saba da cewa: "A maimaita mini sannu-sannu." "A karanta mini kafin in sa hannu." "Zan zo da shaidata." A riƙa gwada haka cikin aji, wani ya zama ma'aikacin magajin gari, wani malamin asibiti, wani mai awo, har tsoro ya fita. Malami kuwa ya yi haƙuri, kada ya karɓe magana daga bakin mai ita.

Doka tana bayansu. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, wadda ta tanadi ilimi har ga manya, sa'an nan ta yi dokarta ta 2019. Sai dai doka ba ta zuwa ofis a madadin mutum.

Ya kamata makarantar horar da malaman yaƙi da jahilci ta Yamai ta sa wannan darasi cikin shirinta. Hakimai, limamai da shugabannin mata na Gabi su ma su tsawata wa masu ba'a. Ma'aikaci kuma, in talaka ya ce bai gane ba, ya sake bayani. Aikinsa ke nan, ba alfarma ba ce. Matambayi ba ya ɓata, muddin ya sami mai ba shi amsa.