Filin Sani da Gyara: In Amfilifaya Ta Kama Ƙugi

Tun daga shekarar 1927, lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa na Kaduna da Jos da Fatakwal, garin bai rabu da baƙi da kayan zamani ba. Da garmaho aka fara, aka koma rediyo da kaset, yau kuwa ga amfilifaya da manyan lasifikoki a ɗakunan jama'a. Da zarar manoman citta na Kachia da Kwoi sun sayar da amfaninsu, ko bikin Afan na Kagoro ya gabato a ranar 1 ga Janairu, sai cinikin waɗannan kaya ya buɗe. Amma sau da yawa murna takan koma ciki, domin da an kunna sai wani ƙugi ya tashi kamar an tsokano gidan zuma.

Wannan ƙugi yana da asali. Wutar lantarkin Nijeriya mai ƙarfin volt 230 ce, tana kuma kai da komowa sau 50 cikin daƙiƙa guda. A cikin amfilifaya akwai taransifoma, watau siraran falle-fallen ƙarfe da aka jera aka naɗe da wayar tagulla. Duk sa'ad da wuta ta juya, ƙarfen yakan ɗan miƙe ya takure, har sau 100 cikin daƙiƙa. Ƙugi kaɗan, wanda sai an kara kunne ake ji, ba cuta ba ne. Wanda ya cika ɗaki shi ne abin bincike.

Matakin farko shi ne a gane inda ƙarar take fitowa. A kashe na'ura, a cire wayoyin lasifika, a sake kunnawa. In ƙugin yana nan a jikin akwatin, to, taransifoma ce da kanta. Watakila notinta ya kwance, ko laimar damina, wadda ke da yawa a kudancin Kaduna, ta sa tsatsa ta raba falle-fallen. Wani lokaci kuwa katakon kanta ne ke amsawa kamar ganga. A sa roba ƙarƙashin ƙafafun, sai a ji sauƙi.

Akwai kuma laifin wutar kanta. Janareton da gudunsa ya ragu, ko wutar da ta haura ƙima, sukan wahal da taransifoma ta yi ta gurnani tana zafi. Haka nan kayan gwanjo da aka ƙera don Amurka, inda wuta take volt 120 mai juyi 60. Na'urar rage ƙarfin wuta tana gyara volt, amma ba ta canza juyi, saboda haka irin wannan taransifoma takan fi zafi da ƙara a nan.

In kuwa daga lasifika ƙugin ke fita, sai a cire duk wayoyin da ke shigo da sauti daga talabijin ko rediyo. Ya tsaya? To, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifi. Galibi waya ce ta tsufa, ko tana kwance kusa da wayar wuta, ko kuma an jona na'urorin a soket dabam-dabam. A haɗa su a soket guda. In an cire komai, an rage murya har ƙasa, ƙugin bai fasa ba, akasari manyan kwandansa masu tace wuta ne suka gaji. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne.

Lalle a kiyaye abubuwa uku. Kada a yanke wayar ƙasa ta fulogi don kashe ƙugi, domin ita ce ke tsare rai ran da wuta ta taɓa jikin akwati. Kada a ɗaura waya a madadin fiyus da ya ƙone. Kada kuma wanda bai koya ba ya buɗe murfi, gama kwandansa tana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi. Wanda ya ji ƙauri, ko ya taɓa akwati ya ji zafin da hannu ba ya jurewa, ya kashe nan take, kada gyaran 'yan kuɗi ya zama gobarar gida. Rigakafi, in ji masu magana, ya fi magani. Allah Ya kiyaye.