Ƙungiya na shan kashi a Turai, mai goyon bayanta na kwana da ciwo a Bilbis

Da misalin ƙarfe 10 na daren Laraba, 21 ga Mayun 2025, alƙalin wasa ya hura tashi a birnin Bilbao na ƙasar Sifaniya. Tottenham ta doke Manchester United da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na kofin Europa. Wannan ya zo ne a kakar da United ta ƙare a mataki na 15 a gasar Firimiya, da maki 42 kacal, bayan ta sha kashi sau 18.

Tsakanin Bilbao da Bilbis, a ƙaramar hukumar Tsafe ta jihar Zamfara, akwai hamada da teku. Amma duk wanda ya saba shiga gidajen kallon ƙwallo a wannan yanki, daga Tsafe zuwa Gusau har Bungudu, ya san yadda irin wannan dare ke ƙarewa. Wani zai sulale tun kafin a tashi. Wani zai kashe wayarsa. Wani kuma zai isa gida ya tarar an ajiye masa tuwo, ya ce ya ƙoshi, alhali rabonsa da abinci tun rana.

Masu kallon abin daga waje kan yi dariya su ce, ai 'yan wasan ba su san da zamanka ba, kuma albashinsu na mako ɗaya ya fi abin da za ka samu a rayuwarka. Gaskiya ne. Sai dai wannan magana ba ta taɓa warkar da kowa ba, domin ciwon na gaske ne, kuma likitoci sun auna shi.

Abin da bincike ya gano

A lokacin gasar cin kofin duniya ta 2006, likitoci a birnin Munich sun bi diddigin mutanen da aka garzaya da su asibiti saboda matsalar zuciya. Sakamakon da suka wallafa a 2008 ya nuna cewa a ranakun da Jamus ke wasa, adadin ya ninka na sauran ranaku fiye da sau biyu da rabi, a tsakanin maza kuwa ya haura sau uku. A Ingila ma, bayan Ajantina ta fitar da ƙasar a bugun fenariti a 1998, an samu ƙaruwar kusan kashi 25 cikin 100 na masu bugun zuciya da aka kwantar a asibiti.

Najeriya ta ga nata a daren 7 ga Fabrairun 2024, lokacin wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka tsakanin Super Eagles da Afirka ta Kudu. An ba da rahoton rasuwar mutane da dama a sassan ƙasar suna tsaka da kallo, ciki har da tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Delta, Cairo Ojougboh. Abin lura shi ne Najeriya ce ta yi nasara a daren. Fargabar ce ta yi ɓarna, ba sakamakon ba.

Wani bincike na jami'ar Sussex a 2018, wanda Peter Dolton da George MacKerron suka gudanar, ya gano cewa baƙin cikin da mai goyon baya ke shiga idan aka ci ƙungiyarsa ya kai kusan ninki biyu na farin cikin da yake samu idan ta yi nasara. Idan aka bi wannan lissafi, ko mai goyon bayan ƙungiyar da ke cin rabin wasanninta yana cikin asara. To ina ga wanda ƙungiyarsa ke cin wasa ɗaya cikin uku?

Duk da haka ba ya bari. Dalili kuwa, ba ƙungiya kawai ya zaɓa ba, suna ya zaɓa wa kansa. Yawancin magidantan da ke goyon bayan United a yau sun kamu da sonta ne suna samari, zamanin Alex Ferguson, wanda ya ɗauki kofin Firimiya na ƙarshe a 2013 ya yi ritaya. Na Arsenal da yawa Kanu Nwankwo ne ya ja su, tsakanin 1999 da 2004. Na Chelsea sun biyo Mikel Obi da Drogba, na Barcelona sun biyo Ronaldinho da Messi. Tun daga lokacin aka san mutum da ƙungiyarsa a majalisa, har wani a riƙa kiransa da sunan ɗan wasa, sunan yanka ya ɓace. Wanda aka shekara 20 ana kira da sunan ƙungiya ba zai wayi gari ya ce ya sauya sheƙa ba. Abokansa ma ba za su karɓe shi ba.

Tun 1976 masanin halayyar ɗan Adam Robert Cialdini ya lura cewa ɗalibai a Amurka sun fi cewa "mun ci" idan ƙungiyar makarantarsu ta yi nasara, sannan su koma cewa "an ci su" idan ta faɗi. A gidan kallo na ƙasar Hausa wannan dabarar ba ta cika aiki ba, saboda kowa ya san kowa. Mai shayi ya san ƙungiyarka, ɗan acaɓa ya sani, yaron shagonka ma ya sani. Babu wurin ɓuya.

Me ya sa ya fi zafi a irin su Bilbis?

Shekaru da dama ke nan yankin Tsafe na fama da hare-haren 'yan bindiga, satar mutane da hana manoma zuwa gona. A watan Satumban 2021 hukumomi sun katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara tare da rufe kasuwannin mako, a wani yunƙuri na daƙile maharan. Tafiye-tafiyen dare sun ragu, bukukuwa sun ragu, matasa da yawa ba su da aikin yi.

A irin wannan hali, minti 90 na gaban talabijin na cikin 'yan abubuwan da suka rage wa matashi ya manta da damuwa. Yana biyan kuɗin shiga daga ɗan abin da ya samu, wani lokaci ya fito da dare a lokacin da fitar dare ba ta da daɗi, domin manyan wasannin Turai na tsakiyar mako sai ƙarfe 8 ko 9 ake take su. Idan ƙungiyar ta ba shi kunya, ba wasa kaɗai ya rasa ba: mafakar da ya gudo cikinta ce ta yi yoyo. Shi ya sa fushin kan fi ƙarfin dalilinsa.

Sannan ga caca, wadda ta sauya yanayin kallon gaba ɗaya. Zamfara ce jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 1999, kuma caca haramun ce a addini da dokar jihar, amma yau shagon caca na cikin aljihu. Wanda ya zuba kuɗin cefane a kan ƙungiyar da yake so ya haɗa ciwo biyu wuri ɗaya, kuma so hana ganin laifi ne: zai ci gaba da zuba kuɗi a kanta ko da kowa na ganin ba ta da kataɓus. Galibin rigingimun da ake ɗora wa "son ƙwallo" idan aka tona, kuɗi ne a ƙasa.

Idan fushi ya fita fili

Ba sai an je Turai ba. Kano Pillars, wadda ta lashe gasar Najeriya a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta faɗa rukunin 'yan dagaji a 2022, a kakar da aka zaftare mata maki saboda tarzoma. A watan Afrilun shekarar ne aka farfasa motar Katsina United a filin wasa na Sani Abacha. Ƙungiyar ta dawo rukunin manya a 2023, amma darasin bai zauna ba. Ranar Lahadi, 12 ga Oktoban 2025, Shooting Stars ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe aka tashi 1-1, sai wasu magoya baya suka kutsa fili suka far wa alƙalan wasa da 'yan wasan baƙi. Hukumar gasar ta ci tarar Pillars naira miliyan 9.5, ta cire mata maki uku da ƙwallo uku, ta kuma mayar da wasanninta na gida Katsina.

Wato waɗanda suka fi kowa iƙirarin son Sai Masu Gida su ne suka yi mata illar da babu abokiyar hamayyar da ta iya yi mata. Canjaras ya ba ta maki ɗaya, masoyanta suka ƙwace uku.

Haka aka yi a Abuja ranar 29 ga Maris ɗin 2022, lokacin da Ghana ta hana Najeriya zuwa kofin duniya na Qatar. 'Yan kallo suka lalata kayan filin wasa na Moshood Abiola, FIFA ta ci tarar Najeriya tare da umartar ta buga wasa ɗaya babu 'yan kallo. Da DR Congo ta sake fitar da Super Eagles a bugun fenariti a Rabat, ranar 16 ga Nuwamban 2025, ba a samu filin da za a farfasa ba, sai fushin ya koma Facebook da zaurukan WhatsApp.

To mene ne mafita?

Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a daina kallo. Tana da sauƙin faɗa, kuma kusan babu mai bin ta. Ba lallai ma ta zama daidai ba. Daniel Wann na jami'ar Murray State a Amurka ya shafe shekaru yana nazarin magoya baya, kuma abin da ya yi ta ganowa shi ne masu goyon bayan ƙungiya tare da jama'ar da ke kusa da su sun fi ƙarancin kaɗaici. Amfanin ba daga kofi yake zuwa ba, daga mutanen da ake zama da su ne. Mai goyon bayan da ya kulle kansa a ɗaki bayan an ci su ya riƙe ciwon ya yar da maganin.

A nan al'adar Hausawa na da abin da za ta bayar. Tsokanar da ake yi wa wanda aka ci 'yar'uwar wasan taubasai ce, ko irin barkwancin Fulani da Barebari: ana faɗa maka mai zafi, kai ma ka rama, babu mai riƙe wani a zuci. Sharaɗinta ɗaya ne, kada ta taɓa iyaye, iyali ko addini. Wanda ya fito majalisa da safe ya riga abokansa yi wa ƙungiyarsa dariya ya kashe wutar tun kafin a hura ta. Wanda ya ɓuya kuwa, zai tarar an tara masa.

Kuma ƙasar Zamfara ba baƙuwar gasa ba ce. Ƙasar 'yan dambe ce, irin su Shago wanda Ɗan Anace ya yi wa waƙa. A fagen dambe idan mutum ya kai ƙasa cewa ake yi an kashe shi, kalmar da ta fi duk wata ta ƙwallo nauyi, amma wanda aka kashe yau shi ne zai ɗaura zare gobe ya dawo fage, 'yan ɓangarensa na biye da shi. Babu wanda ke ƙin cin tuwo don an kashe ɗan damben Arewa ko na Guramada.

Bambancin shi ne mai kallon dambe na ganin gwaninsa ido da ido. Mai goyon bayan ƙungiyar Turai ba shi da ta cewa ko kaɗan: ba ya zaɓen koci, ba ya sayen ɗan wasa, ihunsa ba ya isa fili. Wannan rashin iko na cikin abin da ke ƙara zafin. Zamfara United ta Gusau, wadda ta taɓa fafatawa a rukunin manya na Najeriya, ta daɗe da sauka, don haka matashin Bilbis ko Bungudu ba shi da ƙungiyar jiharsa da zai bi a babbar gasa. Abin da ya rage masa shi ne ƙungiyoyin unguwa da gasannin gari, kuma ba abin rainawa ba ne. Wanda ya buga da yamma ya yi gumi, ko ya tsaya bakin fili yana yi wa ƙaninsa ihu, ba ya shiga gidan kallo da dukan zuciyarsa a tafin hannu.

Sauran matakan ƙanana ne. Raba so da caca shi ne na farko. Ajiye waya na awa ɗaya ko biyu bayan an tashi wasa na rage yawan maganganun da mutum zai yi nadamarsu da safe. Cin abinci kafin a fita kallo na hana iyali biyan bashin da wani mai tsaron baya ya ci a Landan. Idan kuma ɓacin ran ya wuce kwana biyu ko uku, yana hana barci ko aiki ko jawo faɗa da matar gida, to da wuya ƙwallon ce kaɗai. Wata damuwar ce ta samu ƙofar fita, kuma ta cancanci a faɗa wa wani amintacce ko ma'aikacin lafiya.

Masu hawan jini da ciwon zuciya su ne ke cikin haɗari na zahiri, kuma da yawa ba su san suna da shi ba saboda ba su taɓa gwaji ba. Gwajin ba ya ɗaukar minti biyar a asibitin sha-ka-tafi. Wanda aka tabbatar yana da shi ya sha maganinsa a kan lokaci, kuma babu abin kunya idan ya fita waje lokacin bugun fenariti ya jira a faɗa masa sakamako. Ciwon ƙirji mai danna mutum, sarƙewar numfashi, gumi mai sanyi ko ciwon da ke gangarawa hannun hagu ba abin da ake yayyafa wa ruwa a jira ba ne. Masu gidajen kallo ya kamata su san waɗannan alamu, su kuma san tun da wuri wane mai mota za su kira, domin daga Bilbis zuwa babban asibitin Tsafe, balle Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, tafiya ce da ba kowane direba ke yarda ya yi da ƙarfe 11 na dare ba.