Kumburin Gaɓoɓin Yara: A Gwada Fitsari Kafin a Ɗora wa Sanyin Jos Laifi

Duk wanda ya taɓa kwana a Tudun Wada ta Jos cikin watan Disamba ya san abin da ake kira sanyi. Birnin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga teku, kuma idan hunturu ya kankama, babba ma da ƙyar yake miƙe yatsunsa da asuba. Shi ya sa idan yarinya 'yar shekara goma ta tashi gwiwa a kumbure, yatsu sun sage, amsar tana bakin kowa tun kafin a yi tambaya: sanyi ne. Sai a gasa mata da ruwan zafi, a shafa man zafi, a aika kemis. Sau da yawa hakan kan wadatar. Amma akwai tsirarun yara da wannan amsa ke jawo wa asarar gaɓa, ko ido, ko ƙoda.

Cututtuka biyu ne ake magana a kansu, kuma tushensu ɗaya: garkuwar jiki ce ke juyowa ta yaƙi jikin da aka halicce ta don ta kare. Ta farko ita ce amosanin gaɓɓai na yara, wato kumburin gaɓa da ya fara kafin shekara 16, ya kai mako shida, ba a kuma samo masa wani dalili ba. Yana cinye gaɓa sannu a hankali, wani nau'insa kuma yakan kunno kumburi a cikin ido ba tare da zafi ko ja ba, har gani ya raunana. Ta biyu ita ce lufus, wadda ta fi kama mata, take kuma taɓa fata, jini, ƙoda, har da ƙwaƙwalwa. Kusan mutum ɗaya cikin biyar na masu ita tun suna yara ta fara musu, kuma a jikin yaro ta fi tsanani, ta fi saurin kai wa ƙoda hari. Alamominta sun haɗa da zazzaɓi mai naci, zubewar gashi, gyambon baki da tabo a kumatu wanda rana ke tsanantawa. A baƙar fata tabon yakan yi duhu ne, ba ja kamar yadda hotunan littattafan Turai ke nunawa ba.

Wani lokaci su biyun sukan haɗu a jikin mutum ɗaya. Wani likitan Amurka, Peter Schur, ya laƙaba wa irin wannan haɗuwa suna rufus a 1971. A yara ba kasafai ake ganinta ba, kuma takan zo ne a jere: a yi shekaru ana jinyar amosanin gaɓɓai, sannan lufus ta bayyana. Haɗarin yana cikin magani. Magungunan kashe raɗaɗi irin su dikilofenak, waɗanda ke sassauta wa gaɓa, suna ƙara wa ƙodar da lufus ta taɓa rauni. Wasu allurai masu tsada da ake yi wa amosanin gaɓɓai mai taurin kai sukan tayar da alamomin lufus. Gwajin jini na ANA ma yakan nuna a cututtukan biyu, sai an ƙara da wani gwajin da ya keɓanta da lufus kafin a rarrabe. Saboda haka sunan cutar da aka rubuta a katin yaro yau ba hukunci ne na dindindin ba, dole a ci gaba da bibiya.

Dalilin da ya sa ake kuskure su a Najeriya yana da tarihi. A 1968 likitan Ingila Brian Greenwood, wanda ya yi aiki a Ibadan, ya wallafa cewa irin waɗannan cututtuka ba su da yawa a tsakanin 'yan Najeriya. Wannan fahimta ta daɗe a azuzuwan koyon likitanci, kafin ayyukan su Farfesa Olufemi Adelowo a Legas su nuna cewa masu cutar suna nan, yara da manya. Ga kuma cunkoson cututtukan da suka fi yawa. Ma'aikacin lafiyar da ya ga yaro da zazzaɓi da ciwon gaɓa, ya fara tunanin maleriya, taifot, sikila ko tarin fuka, bai yi laifi ba. Laifin yana farawa ne a karo na uku da na huɗu, lokacin da aka sake ba da maganin da bai yi aiki a baya ba.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa a kemis. Ƙwayar deksametason, wadda take cikin haɗin da ake kira sha-ka-fashe, tana kwantar da kumburi cikin kwana biyu, iyaye su yi hamdala. Amma shanta ba bisa ƙa'ida ba yana ɓoye alamomin da likita zai dogara da su, yana tsayar da girman yaro, yana lalata ƙashin ƙugu, yana kuma iya tayar da tarin fuka da ke kwance.

Jos ba ta rasa asibitoci ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, da na Jami'ar Bingham wanda aka fi sani da Jankwano. Daga Tudun Wada zuwa kowanne tafiyar cikin gari ce. Abin da ke hana yaro isa da wuri shi ne babu wanda ya ce masa ya tafi. Jiran a samu ƙwararren likitan gaɓoɓin yara a kowace jiha kuwa dogon buri ne, tunda Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya faɗa a 2024 cewa likitoci kusan 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru.

Ra'ayin wannan jarida shi ne a fara daga ƙasa. Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa da hukumar da ke yi wa jami'an lafiyar al'umma rajista su sa ƙa'ida bayyananniya a littafin aikin ƙananan asibitoci: duk yaron da gaɓarsa ta kai mako shida a kumbure, a auna hawan jininsa, a gwada fitsarinsa, a tura shi babban asibiti da takarda. Tsinken gwajin fitsari yana cikin mafi arhar kayan asibiti, sakamakonsa na fitowa cikin minti biyu, kuma yana iya nuna ƙoda ta fara yoyo tun kafin fuska da ƙafa su kumbura. Asusun da Dokar Lafiya ta 2014 ta kafa, mai karɓar aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ba zai gaza sayen wannan ba.

Sai batun magani. Haidiroksikulorokwin, ginshiƙin jinyar lufus, da metotireksat na amosanin gaɓɓai, duk tsofaffin magunguna ne da ke cikin jerin muhimman magungunan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya. Duk da haka samunsu ba tabbas. A 2020, da aka yayata cewa dangin kulorokwin na maganin korona, jama'a suka yi wawason su, masu lufus a ƙasashe da dama suka shiga tasku. A 2023 kuma naira ta faɗi, kamfanonin GSK da Sanofi suka sanar da sauya tsarin harkarsu a Najeriya zuwa hannun dillalai. Wajibi ne Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, da takwararta ta Filato, PLASCHEMA, su tabbatar cewa waɗannan magunguna, da gwajin jinin lufus, da duban ido a kai a kai, suna samuwa ga mai katin inshora a aikace, ba tare da ya yi ta safa da marwa neman lambar izini ba.

Akwai giɓi ɗaya da ya shafi ma'aikatan tarayya kai tsaye. Inshorar ma'aikaci tana ɗaukar mata ko miji da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Lufus kuwa ba ta san ranar haihuwa ba. Yarinyar da aka gano tana da ita a shekara 12 za ta fita daga katin mahaifinta a daidai lokacin da take shirin shiga jami'a, da magani na kullum da gwajin ƙoda a wuyanta. Dokar NHIA ta 2022 ta tanadi asusun masu rauni. Jami'an da ke tsara ƙa'idojin wannan asusu a Abuja su rubuta a ciki cewa yaron da ya shiga tsarin da cuta mai dogon zango zai ci gaba da samun kulawa bayan ya cika shekara 18, ba tare da yankewar ko wata ɗaya ba.